Daga Marisuwa Zuwa Allurar Mura

Mutanen da ba su cika lissafa shekara da lamba ba, sai da abin da ya auku a cikinta. In an tambayi dattijo yaushe aka haifi mahaifinsa, sai ya ce shekarar zuwan Turawa, ko shekarar yunwa, ko shekarar fara. Cikin shekarun nan da aka raɗa wa suna akwai wadda a ke kira shekarar Marisuwa, watau 1918. Waɗanda suka gan ta da idonsu duk sun kwanta dama, amma cutar da ta ba shekarar suna ba ta bar duniya ba. Jikokinta suna nan suna kewayowa ko wace shekara, sai dai sun sake abin farauta. A 1918 majiya ƙarfi cutar ta fi ɗauka, yanzu kuwa tsofaffi ta fi yi wa ɓarna. Yadda aka yi haka ta faru, da dabarar da likitoci suka samo ta kāre tsofaffi, shi ne labarin da ke biye.

Mura iri biyu ce

Bahaushe ya kan kira ko wane irin majina da tari mura, amma a wurin likitoci abu biyu ne dabam. Akwai mura ta kullum, wadda ke kawo atishawa da yoyon hanci, mutum ya yi kwana uku ko huɗu yana fyace majina yana kuwa zuwa gonarsa. Akwai kuma babbar mura, wadda Turawa ke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya ta ke kama mutum, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, da busasshen tari, har ya kasa tashi daga shimfiɗa. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, a kan ce da irinta bairus. Tana fita daga bakin mara lafiya da hancinsa sa'ad da ya yi tari ko atishawa, na kusa da shi ya shaƙa, bayan kamar kwana biyu shi ma ya kwanta. Marisuwa irin wannan babbar mura ce, sai dai ta zo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba.

Yadda ta shigo Nijeriya

A 1918 ana cikin Babban Yaƙin Duniya na farko, jiragen ruwa suna ta kai da kawo da sojoji da 'yan ɗaukar kaya. Ƙasashen da ke yaƙi sun hana jaridunsu faɗin yawan masu ciwo, don kada abokan gaba su ji daɗi. Sifen kuwa ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka yi ta bugawa, sabo da haka duniya ta laƙaba wa cutar sunan murar Sifen, alhali ba can ta fara ba.

Cikin watan Agusta cutar ta ɓarke da tsanani a manyan tashoshin jiragen ruwa guda uku, Bares ta Faransa, da Boston ta Amurka, da Firitawun ta Saliyo. Daga Saliyo ta bi gaɓar teku zuwa Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu. Ran 14 ga Satumba, ana saura kwana biyu ko uku Babbar Salla, wani jirgi mai suna Bida ya iso Ikko ɗauke da fasinjoji marasa lafiya. Hukuma ta yi ƙoƙarin tsare masu ciwo wuri guda, ta hana taro, amma abin ya fi ƙarfinta. Mutane suka firgita suka yi ta gudu daga birni zuwa garuruwansu, ba su san tare da cutar su ke tafiya ba. A Ikko kaɗai fiye da mutum 1,000 suka mutu cikin wata biyu.

Hanyar jirgin ƙasa ta riga ta kai Kano tun 1911. Tafiyar da fatake ke yi wata da watanni, jirgi yana yin ta cikin 'yan kwanaki, cuta kuwa ta sami abin hawa. Kafin watan Oktoba ya ƙare ta shiga Arewa, kafin shekara ta fita babu lardin da ba ta taɓa ba.

Ƙasar Zamfara a lokacin

A zamanin nan Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu, da Kwatarkwashi duk gundumomi ne na Lardin Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ke bisa gado. Jirgin ƙasa bai iso ba tukuna, gama sai a 1929 aka gama shimfiɗa hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya Ƙauran Namoda. Amma rashin jirgi bai zama katanga ba. Babbar hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta Funtuwa ta ke bi, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, kullum kuwa ba ta rabuwa da fatake, da masu jakai, da almajirai, da manzannin sarakuna. Inda ƙafa ta taka, nan cuta ke takawa. Gari kamar Karakkai ba ya bukatar tashar jirgi kafin annoba ta same shi. Mutum guda ya ci kasuwa ya komo gida da zazzaɓi ya isa.

Abu uku suka ƙara wa wutar iska. Na fari, cutar ta zo da kaka, sa'ad da dawa ke jiran yanka, gyaɗa da auduga na jiran hannu, kasuwanni kuma sun cika. Na biyu, ba a daɗe da fita daga yunwar 1914 ba, gidaje da yawa ba su gama farfaɗowa ba. Na uku, kyawawan al'adun jama'a su kansu suka zama gada. Gaida mara lafiya, da jana'iza, da zaman makoki, duk suna tara mutane ɗaki guda, wanda ya zo gaisuwa yau, jibi shi a ke zuwa gaisarwa. Magani kuwa babu, ko a wurin Bature ko a wurin mai sassaƙe. Likitocin da ke Arewa duka 'yan kaɗan ne, a manyan barikoki su ke, ɗakunan shan magani na En'e kuma sai wajen 1930 aka fara kafa su.

Lissafin da hukuma ta yi ya nuna kusan mutum 200,000 suka mutu a lardunan Arewa. Masana tarihi sun kimanta Nijeriya duka ta yi hasarar wajen mutum 500,000, cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba. A duniya kuwa an kimanta miliyan 50, watau cikin 'yan watanni cuta ta kashe fiye da waɗanda yaƙi ya kashe cikin shekara huɗu.

Wanda ta ɗauka da wanda ta bari

Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne zaɓen da cutar ta yi. Babbar mura ta saba ɗaukar jarirai da tsofaffi. Marisuwa kuwa ta fi faɗa wa masu shekara 20 zuwa 40, watau magidanta, da samari, da mata masu ciki. A wurare da yawa tsofaffi ne suka binne 'ya'yansu, suka riƙi jikoki marayu.

Bayanin da masana da yawa suka fi karɓa shi ne, jikin ɗan Adam ba ya manta abokin gaba. In ƙwayar cuta ta shiga jiki ya yi fama da ita ya warke, sai ya ajiye dakaru masu gane kamanninta, ko bayan shekara hamsin ta komo za su tare ta. Ana zaton tsofaffin 1918 sun taɓa gamuwa da wata dangin wannan ƙwaya tun suna yara, 'ya'yansu kuwa ba su taɓa ba. An sake ganin irin haka a 2009, sa'ad da wata sabuwar mura ta kewaye duniya, ta fi kama yara da matasa, waɗanda aka haifa kafin 1950 da yawa suka sami sauƙi. A kan wannan hali na jiki aka gina dabarar rigakafi, watau a nuna wa jiki kamannin abokin gaba tun bai iso ba.

Yadda aka gano ƙwayar, aka yi allura

Sai da aka yi shekara 15 bayan Marisuwa kafin a kama mai laifi. A 1933 likitoci uku a Landan, Wilson Smith, da Christopher Andrewes, da Patrick Laidlaw, suka ɗebi ruwan maƙogwaron masu mura, suka tace shi, suka ɗiga a hancin wata 'yar dabba mai kama da tunku. Dabbar ta kamu, ta kuma sa wa 'yan'uwanta. Daga baya aka gane ana iya renon ƙwayar cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, ta hayayyafa da yawa, sa'an nan a kashe ta a yi allura da ita. Har wa yau yawancin alluran mura cikin ƙwan kaza a ke yin su.

Da Yaƙin Duniya na biyu ya taso, hukumar sojan Amurka ta tuna da abin da ya sami sojojinta a 1918, ta sa Thomas Francis da Jonas Salk aikin neman allura. A 1945 aka yarda da ita, aka fara da soja, sa'an nan sauran jama'a. Amma a 1947 sai allurar ta kasa, waɗanda aka yi wa suka kamu kamar waɗanda ba a yi wa ba. Da aka bincika aka tarar ƙwayar ce ta sake riga.

A nan bambancin mura da agana ya ke. Mutanen Arewa sun san lamba, sun kuma ga amfaninta, gama da aka tashi haiƙan a 1967 ana bi gari gari, kafin 1970 ta ƙare agana ta ɓace daga Nijeriya, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya. Ƙwayar agana kamanninta ɗaya ne kullum, shi ya sa lamba guda ke tsare mutum shekaru. Ƙwayar mura kuwa kamar ɓarawon da ke sake tufafi ne ko wace kasuwa, ɗan dokan da ya san shi bara ba lalle ya gane shi bana ba. Domin haka a 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ɗakunan bincike a ƙasashe dabam dabam, suna tattara ƙwayoyin da ke yawo. Sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Satumba, masana su kan zauna su zaɓi irin da za a sa cikin allurar da ke tafe. Wannan shi ne dalilin da a ke sabunta allurar mura ko wace shekara.

Yadda magana ta koma kan tsofaffi

A 1957 wata annobar mura ta taso daga Asiya, a 1968 wata ta biyo daga Honkon, ko wace ta kashe wajen mutum miliyan 1. Da likitoci suka duba lissafin mamata, suka ga cutar ta koma halinta na asali, tsofaffi da masu tsohon ciwo ta fi ɗauka. Sabo da haka a 1960 shugaban likitocin gwamnatin Amurka ya ba da shawara a riƙa yi wa masu shekara 65 zuwa sama allura ko wace shekara, da masu ciwon zuciya ko na huhu ko na sukari, da mata masu ciki. Ƙasashe da yawa suka bi sawu, har a 2003 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashen da ke yin allurar su kai ga tsofaffi 75 cikin ko wane 100.

Hukumar ta kimanta ko wace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ke yin ciwo mai tsanani sabo da mura, 290,000 zuwa 650,000 kuma su rasu. A Amurka, inda a ke riƙe lissafi sosai, cikin mamata 100 na mura, 70 zuwa 85 masu shekara 65 ne ko fiye. Wani babban lissafi da aka buga a 2017 ya nuna ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin inda cutar ta fi kisa in an gwada da yawan jama'a.

Dalili kuwa a fili ya ke. In shekaru sun tura, dakarun jiki su kan yi nauyin tashi. Ƙwayar mura ta kan ɗaye fatar hanyoyin numfashi, sai waɗansu ƙwayoyin cuta su sami ƙofa su sauka cikin huhu, ya zama ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. Zazzaɓi kuma yana tilasta wa zuciya aiki fiye da ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka buga a 2018, ya nuna haɗarin bugun zuciya ya kan ninka sau shida cikin makon farko na mura. Mai fuka, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, ciwonsu ya kan tashi. Ko wanda ya tsira, in ya yi mako biyu a kwance ba ya ci, ƙafafunsa su kan saki, dattijon da ke zuwa masallaci da kansa ya koma sai an riƙe shi. Sau da yawa a gida a kan ce tsufa ne ko sanyi, alhali mura ce ta buɗe ƙofa.

Abin da allura ke yi da abin da ba ta yi

An gwada allurar nan a kan tsofaffi ba sau ɗaya ba. A ƙasar Holan aka ɗauki mutum 1,838 masu shekara 60 zuwa sama, aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wadda ya samu. Sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna allura ta rage kamuwa da kamar rabi. A 2018 waɗansu masana suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga in tsofaffi 100 ba su yi allura ba wajen 6 za su kamu cikin shekara, in sun yi kuwa 2 ne ko 3. A Niyuzilan, daga 2012 zuwa 2015, an duba manya waɗanda mura ta kai su asibiti, aka tarar waɗanda suka yi allura sun fi sauran tsira daga shiga ɗakin masu ciwo mai tsanani, da ragin kashi 59 cikin 100. Watau ko allura ba ta hana cuta shiga ba, ta kan rage mata dafi.

Amma ba daidai ba ne a faɗi abin da ya wuce gaskiya. Da, an yi ta cewa allura tana rage mutuwar tsofaffi da rabi a lokacin sanyi. A 2006 waɗansu masana a birnin Siyatil na Amurka suka lura waɗanda ke yin allura sun fi sauran tsawon rai tun ma kafin lokacin mura ya zo. Ashe tsoho mai ƙarfin tafiya asibiti shi ke zuwa a yi masa, wanda ya riga ya kwanta ba ya zuwa. Suka nuna an zuzuta lissafin, amfani yana nan amma bai kai yadda aka ce ba. Har wa yau, allura ba ta kama jikin tsoho kamar yadda ta ke kama na saurayi, a shekarar da ƙwayar ta sake riga bayan an gama haɗa allura kuma amfaninta ya kan ragu. Domin gyara wannan, a 2009 aka fito da allura ta musamman don tsofaffi, mai ƙarfi ninki huɗu. An gwada ta a kan mutum kusan 32,000 a Amurka da Kanada, aka ga ta fi ta kullum tsaro da kashi 24 cikin 100.

Allurar ba ta sa mura, gama ƙwayar da ke cikinta ba ta da rai. Abin da a kan ji shi ne tsamin dantse, wani lokaci da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara tsaro, kuma ba ta hana mura ta kullum.

Nijeriya da ƙasar Zamfara

Cikin Fabrairu 2006 aka sami murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga irin wannan ƙwaya a Afirka. Wannan ya farkar da hukuma, a 2008 aka fara tsarin sa ido kan mura a waɗansu manyan asibitoci, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Binciken ya tabbatar ƙwayoyin da ke yawo a sauran duniya suna yawo nan ma. A ƙasashen zafi a kan same su kusan ko wane lokaci, amma binciken da aka yi a Jamhuriyar Nijar ya nuna sun fi yawa a watannin hunturu.

Duk da haka allurar mura ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa jama'a kyauta, gama ƙarfin hukuma ya tafi ga cututtukan yara, kamar ƙyanda da shan inna. Sai a waɗansu asibitocin kuɗi na manyan birane a ke samunta. Masu shekara 65 zuwa sama ba su fi kamar 3 cikin 100 na jama'ar ƙasa ba, muryarsu kuwa ba ta da ƙarfi wurin rabon kuɗi. Inda dattijon Karakkai ko na Tsafe ya fi jin labarinta shi ne wurin shirin aikin Hajji, domin hukumar lafiya ta Saudiyya tana ba maniyyata shawara su yi ta, musamman tsofaffi da masu tsohon ciwo, sabo da cunkoson jama'a. Wanda zai tafi, ya kamata ya tambayi likitan alhazai tun da sauran lokaci.

Wanda bai sami allura ba, akwai abin da gidansa zai yi masa. Mai mura ya rufe baki in zai yi tari, ya wanke hannu da sabulu, ya jinkirta gaida tsoho har ya warke, jikoki masu zazzaɓi kuma kada su kwana ɗakin kaka. In tsoho ya kamu, a ba shi ruwa da kunu a kai a kai. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa bairus, sai likita ya ga namoniya ta shiga sa'an nan ya ba da shi. Akwai maganin mura na musamman, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyun farko. In aka ga numfashi yana yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, ko hankalinsa ya rikice, ko ya daina fitsari, ko zazzaɓi ya komo bayan ya sauka, to, kada a jira gari ya waye sau biyu, a kai shi asibitin Bunguɗu ko na Gusau.

Mutanen 1918 ba su san abin da ke kashe su ba, ba su kuwa da abin tare shi, iyakarsu haƙuri da haƙa kabari. Jikokinsu sun san sunan ƙwayar, sun san hanyar da ta ke bi, sun san wanda ta fi nema a cikin gida. A shekarar Marisuwa tsofaffi ne suka tsaya suka riƙi marayu har gidaje suka sake tashi. Yanzu da cuta ta juyo kansu, nauyin tsaronsu ya koma wuyan 'ya'ya da jikoki da hukuma. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba dattawa lafiya, ya kiyashe ƙasa daga annoba, amin.